Wa Ke Riƙe Da Ƙanenki Idan Kin Tafi Makaranta?

 Wannan makon zancen ƙananan yara za mu yi, 'yan shekara uku zuwa biyar, waɗanda ko ɗaurin wando ba su gama iyawa ba. Na san wani ɗan aji uku na babbar sakandare zai ce ina ruwansa, shi da jarrabawar fita ta sa a gaba. Ka ɗan dakata, malam. Ka waiwaya ka dubi ajinku, musamman layin 'yan mata. Akwai kujerar da ba a cika samun mai ita ba ranar kasuwa, ko lokacin cirar gyaɗa, ko duk ranar da aka yi haihuwa ko rasuwa a danginsu. Idan ka bincika, sau da yawa yarinyar lafiyarta ƙalau. Tana gida da goyo a bayanta, wani kuma yana riƙe da gefen zanenta.

A Batsari da Safana, kamar sauran ƙasar Hausa, kowa ya san wace ce mai raino. Yaya ce. Idan babu yaya a gidan sai a ɗauko 'yar ƙanwar uwa daga ƙauye, idan ita ma babu sai a kai wa kaka. Babu mai biyansu ko sisi, kuma babu wanda ke lissafa abin da suke yi a cikin ayyuka. Amma lokaci ne suke bayarwa, kuma yarinyar da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ba ta da wani lokacin da za ta bayar in ba na darasin lissafi da na Turanci ba, tunda su ake yi da safe. Abin da ya sa ke nan na ce zancen rabin aji zancenku ne.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin da yawa daga cikin iyayenmu sun ɗauka karatun yaro kafin aji ɗaya na masu kuɗi ne, sai wanda zai iya biyan makarantar kuɗi a Katsina ko Dutsin-Ma. A shekarar 2004 aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wadda ta ba hukumar UBEC ƙarfinta. Dokar ta ce a riƙa ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusun gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi a kan ilimin matakin farko. Da ta zo bayyana abin da take nufi da ilimin bai-ɗaya, ta sa kula da ƙananan yara da koyar da su a ciki. A tsarin rabon da aka fara da shi, kashi 5 cikin 100 na tallafin aka keɓe wa wannan mataki, kashi 60 na firamare, kashi 35 na ƙaramar sakandare. Akwai kuma sharaɗi: jiha ba ta karɓar nata kason sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Sannan a shekarar 2013 aka sabunta manufar ilimi ta ƙasa, aka shigar da shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya cikin karatun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Wannan shekara gudar ita ce rabin ajin da kuka sani. A nan jihar, hukumar SUBEB ce ke riƙe da shi, ta hannun sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma.

Ku lura da wani abu a dokar ta 2004. Ta ce hidimar da ake yi a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati kyauta ce, wanda kuma ya karɓi kuɗi ya yi laifin da za a iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko a haɗa masa duka biyun. Naira dubu goma a yau ba wani abin tsoro ba ne, na yarda. Amma sanin cewa akwai wannan magana a rubuce yana canza yadda uba zai tsaya gaban hedimasta.

To, ga doka. Ina ajin?

Duk wanda ya yi firamare ta gwamnati ya san yadda rabin aji yake a mafi yawan wurare. Shi ne ajin da ake kaiwa ɗakin da rufinsa ya yaye, ko gindin dalbejiya. Idan malamai suka yi ƙaranci, malaminsa ake fara ɗaukewa a kai aji shida, tunda 'yan aji shida ke da jarrabawa. Manufar 2013 ta ce malami ɗaya ga yara 25. Ku je ku ƙirga na makarantar garinku, ba sai na faɗa muku ba. Ko shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku aka tsara shi dominsu. Wato a takarda, ƙaramin da ya fi kowa saurin jin yunwa shi aka bari a baya. Ni dai har yau wannan lissafin bai shige ni ba.

Duk wannan matsalar ko'ina ce. Tamu ta yammacin Katsina ta ɗara haka. Ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, daga ɓangaren Ruma da Wagini har zuwa Runka da Babban Duhu, sun shafe shekaru suna kwana da ido ɗaya. Ba mu manta da abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020 ba. A Disambar wannan shekarar aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantu. Mutane da yawa sun baro ƙauyukansu sun dawo cikin garin Batsari da sauran manyan garuruwa, gidan da ke da mutum goma ya koma yana da talatin. Yaron da aka haifa a 2019 a irin waɗannan ƙauyuka, shekarun da ya kamata ya yi yana ƙirga tsakuwa a rabin aji, ya yi su ne a bayan yayarsa ana gudu.

Ko a inda makarantar take buɗe, akwai maganar tafiya. Ɗan shekara goma sha biyu zai iya taka kilomita biyu ko uku da safe. Ɗan shekara huɗu ba zai iya ba, kuma babu uwar da za ta yarda ya bi hanyar gona shi kaɗai a irin wannan zamani. Sai dai wani ya kai shi. Wa zai kai shi? Yayar nan dai. Sannan galibi ana tashin rabin aji tun kafin azahar, ita kuwa sakandare sai wajen ƙarfe biyu. Wa zai ɗauko shi? Kun ga mun koma inda muka fito. Shi ya sa iyaye da yawa ke cewa a bar shi ya ƙara wayo. Ina ganin masu cewa jahilci ne ke sa su faɗin haka ba su yi musu adalci ba. Lissafi suka yi, suka ga bai fita ba.

A nan ne wani tsari da ake yi a Ingila ya ja hankalina. Can gwamnati na biya wa kowane yaro ɗan shekara uku da huɗu awa 15 na karatun share fage a mako, na tsawon mako 38 a shekara, wato awa 570 ke nan. Tun daga 2017 aka ninka shi zuwa awa 30 ga iyayen da ke aiki, daga watan Satumban 2025 kuma aka faɗaɗa wa irin waɗannan iyaye tun yaro yana wata tara. Yawan awoyin bai dame ni ba, ƙasar masu kuɗi ce. Abin da ya tsaya mini shi ne inda ake kashe kuɗin. Ba dole sai a makaranta ba. Mace za ta iya rainon 'ya'yan maƙwabta a cikin gidanta, ta yi rajista, iyaye su kawo mata yaro, ƙaramar hukuma ta biya ta kuɗin awoyinsa. Kuɗin na bin yaro ne zuwa inda iyayensa suka zaɓa.

Amma fa ba haka kawai ake buɗe ƙofa a ce a kawo yara ba. Hukumar da ke duba makarantu, Ofsted, tana yi wa masu rainon rajista, tana zuwa gida ta duba. Ana binciken ko matar ta taɓa aikata laifi, har da duk wanda ya kai shekara 16 a gidan. Sai ta koyi taimakon gaggawa na yara. A ƙa'ida ba za ta riƙe yara 'yan ƙasa da shekara takwas fiye da shida a lokaci guda ba, kuma a cikinsu ƙanana sosai kada su wuce uku. Manhajar da makarantun share fage ke bi ita take bi. Akwai ma wata ƙa'ida da ta ba ni dariya, domin kamar da mu aka yi ta: ba za a biya ta kuɗin gwamnati a kan ɗanta ko jikanta ba. Kuma kada ku ɗauka komai na tafiya sumul. Yawan masu wannan sana'a a can raguwa yake yi shekara da shekara, ɗaya daga cikin kukansu shi ne abin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce ai Ingila ce. To ga Kolombiya, a Kudancin Amurka, ƙasar da ta sha fama da 'yan bindiga da gudun hijira fiye da yadda muke zato. Tun cikin shekarun 1980 hukumar kula da iyali ta ƙasar ta fito da tsarin da ake zaɓar mace a unguwar talakawa, a horar da ita, a taimaka mata ta gyara gidanta, a riƙa kawo mata kayan abinci, ita kuma ta riƙe yara goma sha wani abu tun safe. Uwayen al'umma ake kiransu. Indiya ma tun 1975 take da cibiyoyin ƙananan yara a ƙauyuka, waɗanda matan ƙauyen ke gudanarwa, sunan da suke kiransu da shi ma daga kalmar tsakar gida aka samo shi.

Idan kuka duba da kyau, babu wani baƙon abu a nan. Kowace unguwa a Safana ko Zakka ko Batsari tana da matar da yara ke taruwa a gidanta. Wata malamar allo ce, yara na zuwa mata da safe da yamma, ana kai mata kuɗin Laraba. Wata tsohuwa ce mai haƙuri da ba ta gajiya da hayaniya. Wata kuwa, kuma ita ce na fi tunani, ta gama sakandare ko ma ta yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko ta tarayya da ke Katsina, aka yi mata aure, takardun na ƙasan akwati. Iyaye sun san ta, sun san mijinta, gidanta taku hamsin ne daga nasu, ba a ratsa gona kafin a kai. Matar da ke cikin kulle za ta iya leƙa ɗanta ta katanga. Idan wani abu ya taso, Allah Ya kiyaye, yara goma a cikin gida a tsakiyar gari sun fi sauƙin tattarawa a kan yara ɗari a makarantar da ke bayan gari. Abin da wannan matar ta rasa shi ne horo, da kayan aiki, da albashi, da kuma wanda zai riƙa zuwa yana dubawa. Kuɗin rabin aji a tsarinmu yana ƙarewa ne a cikin katangar makaranta, ba ya ƙetarowa.

Ra'ayina shi ne ya kamata a gwada barin sa ya ƙetaro, ko da a mazaɓa ɗaya ce. A ɗauki irin waɗannan mata a ɗaure su da firamaren da ta fi kusa da su, sunayen yaransu su shiga rajistar makarantar, hedimasta da kwamitin iyaye da ke kula da makaranta su riƙa zagayawa. Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne. Za a samu sunayen yaran da ba a haifa ba. Za a samu wanda zai cusa matarsa ko ƙanwarsa alhali ba ta iya rubuta sunanta ba. Za a biya wata uku a riƙe wata shida. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bulala, domin a cikin gida babu mai ganin abin da ake yi wa yaro, shi kuma ɗan shekara uku bai iya ba da labari ba. Idan ba za a yi rajista da bincike da gaske ba, gara a bar shi. Amma waɗannan cututtuka duk suna nan a makarantun da muke da su yanzu, ba mu ce a rufe su ba.

Akwai kuma masu cewa makarantar allo ta wadatar. Ni ban ga abin faɗa a nan ba. Yaron da ya saba zama gaban malam, ya saba maimaita abin da aka biya masa, ya riga ya samu wani abu babba. Rabin aji ƙari yake yi masa: ƙirga, launi, riƙon fensir, zane, wasa da tsara, tambaya ba tare da tsoro ba. Yaro ɗaya zai iya yin duka biyun, kamar yadda yawancinku kuka yi.

Me ake koyo ma a rabin aji da har ake wannan dogon zance? Waɗanda suka yi shi sun manta, waɗanda ba su yi ba kuma ba su san abin da ya wuce su ba. Ku tuna ranarku ta farko a aji ɗaya. Akwai yaron da ya yi sati biyu yana kuka, akwai wanda ya damƙe fensir kamar zai daka sakwara, akwai wanda bai san ana neman izini kafin a fita fitsari ba. Kafin su gama sabawa malama ta kai harafi na goma. Daga nan ake fara kiran yaro daƙiƙi, shi ma ya yarda, ya ɗauki sunan har sakandare. Alhali watakila bambancinsa da na ɗayan ajin shekara guda ce ta zama a tabarma ana waƙar ƙirga. Manufar 2013 ta ce a wannan mataki da wasa za a koyar, kuma a wancan lokacin ta ce a koyar da harshen uwa ko na yankin. Don haka idan kun ji ana sa ɗan shekara huɗu haddar Turancin da bai san ma'anarsa ba, kada ya burge ku.

A Amurka an taɓa bin diddigin wannan magana. Daga 1962, a wani gari mai suna Ypsilanti a jihar Mishigan, aka ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, aka sa 58 a ajin share fage mai kyau, 65 ba a sa su ba, aka yi ta bibiyar rayuwarsu har suka kai shekara 40. A cikin waɗanda suka yi ajin, kashi 65 cikin 100 sun gama sakandare, a ɗaya ɓangaren kashi 45. Yaran ba su da yawa, kuma ajin nasu na musamman ne, da ƙwararrun malamai da ke zuwa har gida kowane mako. Wannan ma darasi ne: ba tara yara a ɗaki kawai ke kawo amfanin ba.

Yanzu ga naku aikin, tunda ba ku ne kuke sa hannu a kasafin kuɗi ba. Idan akwai ɗan shekara biyar a gidanku da bai fara zuwa ko'ina ba, ku je firamaren unguwarku ku gaida hedimasta ku tambaye shi rabin aji. Ku koma ku gaya wa Baba abin da ya ce, cikin ladabi, ku ƙara masa da cewa gwamnati ce ke da nauyinsa. Idan matsalar rakiya ce, ku haɗu ku huɗu ko biyar 'yan layi ɗaya ku raba kwanaki, kowa ya ɗauki rana guda yana kai yaran layin gaba ɗaya, a nemi dattijo ko wata uwa da za ta riƙa ɗauko su. Samari, da ku nake. Kai ƙane makaranta a kan keke bai taɓa rage wa namiji komai ba, kuma ya fi sauƙi a kanku fiye da yadda yake a kan ƙannenku mata da sai sun gama shara da wanke-wanke.

Ke kuma da rainon ya riga ya faɗo kanki, tunda dai kina yi, ki sa masa wani abu a ciki. Ki ba shi 'ya'yan tsamiya ya ƙirga. Ki sa shi ya ware jan wake daga fari. Ki share ƙasa ki rubuta masa harafin farko na sunansa ya bi da yatsa. Ki yi masa tatsuniya, idan kin kai tsakiya ki tsaya ki ce, “To me Gizo zai yi?” ki bar shi ya yi ta zuba. Abin da ake koya wa masu karatun ilimin ƙananan yara a kwaleji bai yi nisa da wannan ba, sai dai su ana ba su takarda a ƙarshe. Idan kin ga abin yana yi miki daɗi, ki sani fanni ne mai zaman kansa a matakin NCE, ki sa shi a cikin abubuwan da za ki duba idan kin zo cike fam ɗin JAMB. Amma ranar da aka ce ki zauna gida alhali akwai gwaji a makaranta, ki faɗa wa Inna tun daren jiya, a nemi wata dabara tun da sauran lokaci.

Ina da roƙo ɗaya. Duk wanda ke karanta wannan fili daga Batsari ko Safana, ko ma Kurfi da Ɗanmusa da Jibiya, ya leƙa firamaren da ya gama ya aiko mana da amsar tambaya uku ta hannun editan wannan shafi: akwai rabin aji ko babu, yara nawa ne a ciki, malamai nawa ke kula da su. Ba sai kun rubuta sunan malami ko na hedimasta ba, sunan gari ya isa. Idan amsoshin suka taru zan jera su a nan yadda kuka aiko, ba ƙari ba ragi.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida su auta.